Duhun da Gesualdo Ya Shafa

Shekara arba'in da ɗaya Gesualdo Patierno ya yi yana riƙe da makullan cocin ƙauyenmu, can kan tudu bayan Salerno. Shara, kunna kyandir, kaɗa ƙararrawa. Amma aikin da yake ji da shi na jajibirin bikin Maryamu ne. Sai ya faki idon Fada Saverio, limamin cocin, wanda ya hana a taɓa babban zanenta, ya hau tsani ya goge shi da ɓarin albasa, ya bi da man zaitun har ya yi sheƙi. Haka ya ga mahaifinsa na yi. Mai ya yi ta shan hayaƙin kyandir, zane ya yi ta rinewa, har ya zamana ban da fuska da hannu ɗaya ba a ganin komai.

Wata rana Farfesa Lancellotti ya zo daga Napoli, ya tsaya gaban zanen awa guda, hannuwa a baya.

"Fada, dubi duhun nan," in ji shi. "Gwani ɗaya ne ya iya duhu haka, shi ma sai da ya tsufa baƙin ciki ya cinye shi. Shekara ɗari uku da ashirin, ba ƙari ba ragi. Gidan tarihi za mu kai shi."

Gesualdo na jingine da tsintsiya yana ji. A gaban zanen nan aka ɗaura masa aure, a gabansa aka yi wa matarsa addu'ar ƙarshe. In ya yi shiru a tafi da shi, in ya yi magana makullai su tafi.

Ranar da aka kawo akwatin ɗauka, Gesualdo ya cire hula ya matso kusa da Farfesa.

"Ranka ya daɗe, duhun nan nawa ne. Ni da babana, albasa da man zaitun muka yi ta shafa masa."

"Baba, koma wa shararka. Na riga na rubuta shafi talatin."

Gesualdo ya nufi zanen. Ya tsoma tsumma a ruwan toka, ya murza gefen zanen a hankali. Sai ga sararin sama shuɗi tas, da reshen lemo.

Farfesa ya daɗe yana kallo, ya gyara tabarau.

"Ashe aikin ƙuruciyarsa ne, tun yana son haske. Irinsa ya fi wuyar samu ma. Ku ɗaure shi da kyau."

"Albasa, Gesualdo?" in ji Fada. "A fuskar Maryamu? Miya ka ɗauke ta?" Ya miƙa hannu ya karɓi makullai.

Bayan shekara biyu littafin Farfesa ya fito. A ƙasan wani shafi ya rubuta cewa wani jahili ya yi shekaru yana ɓata zanen da mai. Mai kantin magani ya karanta wa Gesualdo wurin har sau biyu.

Gesualdo ya gyaɗa kai. "Gaskiya ya faɗa. Sai dai bai sa babana ba, shi kuwa ya fi ni hannu."