Hotunan da Ba a Karɓa Ba

Ina fake wa ruwan sama a barandar wani shagon ɗaukar hoto, kwata ta cika tana malala kan titi. Mai shagon dattijo ne siriri, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Ya jera buhunan yashi a bakin ƙofa, amma ruwan yana bi ta ƙarƙashinsu.

Injin wanke hotonsa yana ƙasa, bai taɓa shi ba tukuna. Wani kwali yake kwashewa, na hotunan da aka ɗauka ba a dawo karɓa ba. Yana goge kowanne da gefen rigarsa, ya sa a leda, ya taka kujera ya ɗora a saman kabad.

Telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo. "Baba, injin da ke ciyar da kai za ka bar wa ruwa? Waɗannan ai masu su ma sun manta da su."

"Inji akwai shi a kasuwa," in ji dattijon. "Kai dai riƙe mini kujera."

Ina jin wata uwa ta taɓa shigowa nan bayan shekaru tana tambayar hoton ɗanta da ya rasu, dattijon ya rasa abin ba ta. Ni ma na zaga irin waɗannan shaguna bayan rasuwar 'yata ina neman hotonta, kuma na san yadda mai shago yake sunkuyar da kai.

Ruwa ya kai gindin injin. Dattijon ya dube shi, ya miƙa hannu ya ɗauki hoto na gaba.