Gurbin da ya ƙi cikuwa a gandun turare

Ku matso kusa, ku yaran da kuka shiga aikin gandun daji kwanan nan, in ba ku wani labari tunda shayin bai dahu ba. Har gobe ban manta da ranar da na kai Baba Tanko gandun turare ba.

Daminar da ake ta zaɓe ce, soja na shirin miƙa wa farar hula mulki karon farko. Lokacin ni ne hedima, wato shugaban leburori, sama da ni sai ofisa, Malam Isa. Ni ba mai son yawo ba ne. Daga gidanmu a Kabara sai Ƙofar Ɗan Agundi inda motar aiki take ɗaukar mu, daga gandu sai gida.

Gandun nan a da daji ne na Allah: kanya, marke, ƙirya, sabara, kowace da inda ta ga dama ta fito. Aka share shi aka dasa itatuwan turare, wato zaiti, a layi. Aikinmu na damina shi ne cike gurbi, mu bi layi, duk inda dashe ya mutu mu sa sabo. To akwai wani gurbi can tsakiya da ya ƙi cikuwa. Duk shekara mu dasa, ya bushe. Sai tohon wata tsohuwar ƙirya da aka sare ke fitowa. Malam Isa ya ce saiwarta ce take shanye ruwan, kuma ga sababbin shugabanni za su zo zagaye.

"Mamman, gobe a kai diga a tone wurin nan, a fitar da saiwar gaba ɗaya."

"An gama, ranka ya daɗe."

Da yammacin nan maƙwabcinmu Baba Tanko, tsohon marini da ido ya mutu masa, ya aiko a kira ni. Ashe a dajin nan aka haife shi, a wani ƙauye da ya daɗe da zama kufai. Mahaifiyarsa tana kwance a can, gindin wata ƙirya. Yana so ya yi mata ziyara, don a faɗarsa ba ya jin zai ga wata daminar.

Na ce, "Baba, dajin da ka sani fa babu shi."

"Kai dai kai ni. Daga kanya mai zuma sai marke biyu, sai ƙirya. Ko ba ido, kunnena ya san hanya."

Ƙirya kuwa mun sare su ba adadi, ban ma kawo wancan gurbin a raina ba.

Washegari Malam Isa ya ba shi gaban mota, har yana tsokanar sa wai ko takara ya fito. Da muka isa na tura leburori biyu da diga, na kama sandar Baba muka shiga. Hantsi ne, rana fes. Amma wanda bai taɓa shiga gandun turare ba ba zai gane ba. Ka duba gabas layi, ka duba yamma layi, kowace bishiya kamar 'yar'uwarta, santala-santala. Ƙarƙashi ba ciyawar kirki, sai mataccen ganye.

Mun ɗan yi tafiya sai ya ja ya tsaya.

"Mamman, ɗaki ka shigo da ni?"

"A'a Baba, daji ne."

"Wane irin daji ne ba kowa a ciki? Ina ƙudan zuma? Ina hasbiya? Ko gyare babu?"

Na kasa kunne. Wallahi shekaru ina aiki a wurin, sai ranar na ji shirun. Ganye kawai ke shuu a can sama, kamar mutane na raɗa. Muka yi ta bin layi, shi yana shafa kowace bishiya yana sakinta. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mu koma. Na ɓatar da ita."

Sai kurciya ta yi kuka. Guda ɗaya tak, daga nesa. Ni ma na ji ta da kunnena.

Baba ya fizge sandarsa. Tsohon da nake ja, shi ne a gaba yanzu, yana ratsa layuka bai yi karo da ko bishiya ɗaya ba. Ta yi shiru ya tsaya, ta sake kuka ya bi. Sai ga mu a gurbin nan. Leburorina sun yi cirko-cirko, diga a yashe. Sun tona kamar kamu biyu sun tarar da fasassun tukwane a jere, irin waɗanda ake rufe kabari da su kafin a tura ƙasa.

Baba ya durƙusa ya laluba tohon, ya murza ganyen ya shinshina.

"Assalamu alaiki, Inna. Tanko ne."

Aka kira Malam Isa. Ya duba, ya yi salati, ya cire hularsa ya share goshi. "A mayar da ƙasa. A kewaye da ƙaya. Masu zagaye in sun tambaya, ni zan amsa." Muka yi addu'a tare.

Da muka gama na tambayi leburorin ina kurciyar ta yi. Suka dubi juna. Tun safe suke wurin, ba su ga tsuntsu ba, ba su ji kukan komai ba.

Baba Tanko bai ga wata daminar ba, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa tun daga ranar, kafin a share kowane daji sai na nemi tsofaffin wurin na tambaye su wa ke kwance a ciki. Turare yana ba da azara da itacen girki, ban raina shi ba, da shi na ci abinci. Amma ba ya nuna wa kowa hanya.

Ku da kuke dasa layuka yanzu, akwai wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyarsu ya kasa kunne, ya ji me ya rage?