Ranar da Tulu Ya Yi Tsutsar Haƙori

Duk wanda ya taɓa buɗe baki a gaban ƙanena Zailani a Rano zai gaya maka likita ne mai sanyin hannu. To, hannun ne kawai mai sanyi. Ni Barira da na goya shi na san abin da ya kai shi karatun haƙori, kuma ba tausayin jama'a ba ne. Hammadu ne.

Hammadu wani tsoho ne mai cire tsutsar haƙori a kasuwar Kibiya. Kayan aikinsa ba su wuce tsingaro da garwashi da mazurari da ƙwaryar ruwa ba. Zai barbaɗa wani magani a wuta, ya kifa mazurarin, ka kafa baki kana shan hayaƙi, ya lulluɓe ka da zane. Da ya yaye zanen, sai ga fararen tsutsotsi ƙanana a cikin ruwan. Mutane su yi ta salati.

Zailani yana ajin ƙarshe a sakandare haƙorin Innarmu na sama ya fara ciwo. Babanmu, Malam Isiyaku, ya ɗauko ta a babur daga garinmu Fassi ya kai ta wajen Hammadu, shi da kansa ya riƙe mata kai. Tsutsa ta fito, ciwo bai fita ba. Kasuwa ta zagayo suka koma, suka sake komawa. Kumatu ya kumbura har ya rufe mata ido, amma Hammadu da bakinsa ya ce kada a kuskura a kai ta asibiti, wai in aka cire haƙorin sama ido ke tafiya. Ran da aka ce dole a nufi Kano da ita, ko Bunkure ba a kai ba rai ya yi halinsa.

Tun daga zaman makoki Baba ya kama wata magana ya riƙe. Duk aka ambaci Inna sai ya ce, "Mun yi iya yinmu. Tsutsar nan da idona na gan ta, nisa ta riga ta yi." Da maganar nan yake kwana, da ita yake tashi.

Ni kuwa ban yafe ba. Sadakar bakwai na wucewa na zari mayafi zan je in kifar wa Hammadu garwashinsa a ka. Zailani ya tare ƙofa.

"Yaya, in kika zubar da garwashinsa, gobe zai hura wani. Ki bar ni da shi. Sai na raba shi da kasuwar nan."

Na ce, "Kai ɗin? Da wane ƙarfin?"

Jarrabawar shiga jami'a ta kayar da shi a karon farko. Ya dawo gida ya noma gyaɗa, littafi a aljihu, har Baba yana cewa ba a san wanda ake nomawa ba tsakanin gona da takarda. Karo na biyu ya ci makin da zai iya zama babban likita mai yanka ciki, amma ya ce shi haƙori zai karanta. Dangi suka yi ca, wai a sha wannan wahala a dawo wanzami mai digiri. Ya bar su suna yi.

Hutunsa kuwa bala'i ne a wajena. Sabulun wankina duk ya ƙarar, yana sassaƙa shi da 'yar wuƙa yana fitar da siffar haƙori, wai haka ake koya musu. Ga wata kwalba cike da haƙoran da aka ciccire wa mutane, a kansu yake gwada hannu. Wata maƙwabciya ta leƙa ta gani, kafin la'asar an gama gari cewa ɗan Malam Isiyaku ya shiga tsafi. Ni na bi ta har ɗakinta na wanke ta tas.

A wani hutun ya ce in je wajen Hammadu a matsayin mai ciwo. Na je, na riƙe kumatu ina nishin ƙarya. Hammadu na juyawa wajen hura wuta na tsunkuci maganin na ƙulle a bakin zane. Ƙwayoyi ne ƙanana, an cuɗe su da mai. Zailani ya wanke su ya shuka a bayan ɗaki. Damina na zama sai ga gautan kura ya tsiro, wanda ko akuya ba ta kallo a bakin gonarmu. Ya nuna mini yadda ƙwayar ke fashewa in ta ji wuta, ɗan farin zaren cikinta ya fito ya nannaɗe. Wannan ce tsutsar da ta ci mana uwa.

Na ce mu tafi kasuwa a take. Ya ce a'a, sai ya sa farar riga, don maganar ɗalibi iska ce. Haka na yi ta haɗiyar zuciya har ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya kama aiki a asibitin Rano.

Ranar da ya shirya, ni na matsa wa Baba. Na ce, "Baba, tashi ka je ka ga yadda ɗanka zai rama wa Inna." Bai gane nufina ba, amma ya biyo ni.

Zailani ya shimfiɗa tabarma dab da ta Hammadu, ya gaishe shi da ladabi. Ya ajiye tulu, ya ce wa jama'a tulun nan ciwon haƙori yake yi. Ya hura garwashi, ya barbaɗa ƙwayar, ya sa mazurari a bakin tulun, ya lulluɓe da zane. Da ya yaye, ga tsutsa fal a ƙwarya. Kasuwa ta fashe da dariya. Wata mata da ke layin Hammadu ta tashi ta tofar da yawu a gabansa. Tsohon ya tattara komatsansa, yara na bin sa da eho. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba.

Sai na waiga na ga Baba ba ya dariya. Ya ratsa mutane ya durƙusa gaban ƙwaryar, ya tsamo guda ya murza a yatsa.

"Zailani, irin wannan ce ta fito daga bakin uwarku?"

"Ita ce, Baba."

"Da an kai ta wajen irinku, da ta tashi?"

Zailani ya sunkuyar da kai. "Allah ne masani, Baba."

Baba ya daɗe yana kallon yatsansa. Can ya ce, "Ta roƙe ni in kai ta asibitin Rano."

Hammadu bai sake taka kasuwar Kibiya ba, kuma har gobe ban yafe masa ba. Zailani yana nan yana aikinsa, duk ranar kasuwa yana duba bakin mutane a wajen da tabarmar tsohon take a da. Amma tun ranar nan Baba bai ƙara cewa mun yi iya yinmu ba. Da an ambaci sunan Inna, sai ya ɗauki butarsa ya fita.