Ranar da Faifai na Biyu Ya Shiga Maganar Aure

A gidanmu na unguwar Hashimi a Suleja akwai wanda aka fi lallaɓawa fiye da ni da yara gaba ɗaya, kuma ba mutum ba ne, rediyo ne. To, ni ce nake ce masa rediyo. Maigida in ya ji sai ya haɗe rai kamar na zagi danginsa, ya ce sunansa sistem. Daga Abuja ya kinkimo shi, lokacin yana tuƙa motar ofis, ya shigo da kwalaye yana korar yara kada su yi masa numfashi a kai. 'Ya'ya biyar na haifa masa, ban taɓa ganin ya riƙe ɗayansu da irin wannan taka-tsantsan ba.

Abin ya cika ido, ba zan yi masa ƙarya ba. Baƙi ne wuluk, da sifika biyu, kowace ta kai tsayin yaron da aka yaye. A ƙasa aljihu biyu na kaset, a tsakiya rediyo, a sama kuma wani faranti da ke zuro kai waje kamar harshe, ya karɓi faifan sidi uku lokaci guda ya haɗiye. Ko an kashe shi fitilunsa ba sa hutawa, ja da kore suna ta zagaye kamar ana biki a ciki ba a gayyace mu ba. Na sa masa suna Oga, tunda shi kaɗai ake goge wa jiki da sabon tawul a gidan, shi kaɗai kuma aka taɓa ba ni umarni in saƙa wa mayafi da kwarashi.

Ni maɓalli ɗaya aka ba ni. Maigida ya kama yatsana ya ɗora a kai ya ce, "Wannan na rediyo ne. Ki danna ki ji labaranki da gaishe-gaishenki, in kin gama ki sake dannawa. Sauran ba ajinki ba ne."

Na ce, "To, Allah ya ƙara ilimi."

Shi kansa takardar da ta zo a cikin kwalin ya juya ta gaba da baya, ya ajiye, ya ce Turancin ba irin na ƙasar nan ba ne. Rimot kuwa a aljihunsa yake zama, tare suke zuwa Abuja su dawo. Ina jin a ofishinsu ma an san shi.

Amma wanda yake wuni da abu a gida, ko bai taɓa shi ba zai san halinsa. A aji uku na tsaya da boko, sai dai Allah ya ba ni kunne. Daga kicin nake gane kaset na shirin tauna zarensa, don muryar mai waƙa takan fara rawa kamar mai zazzaɓi. Na kuma san abin da Oga yake yi in faifai ɗaya ya ƙare. Zai yi shiru kamar mai tunani, sai ka ji ƙwas, sai gurrr, farantin ya juya a ciki ya ɗauko na gaba da kansa, bai nemi shawarar kowa ba. Wannan juyi shi ne abin alfaharin maigida. Duk baƙon da ya zo sai an zaunar da shi ya ji, a ce masa, "Ka ga hannuna? Ban taɓa komai ba fa."

Asabar da safe ranar kiɗan Kwango ce. Maigida, mutum da furfura a gemu, daga shi sai singileti, yana goge takalma yana kaɗa kafaɗa, ko kalma ɗaya bai sani ba a cikin abin da suke faɗa. Tagogin layinmu har karkarwa suke. Malama, wadda ke haya a ɗakunan baya, 'yar Filato ce mai koyarwa a firamare, ta ce ita ran Asabar ba ta buƙatar agogo.

To, ana nan sai maganar yarinyar nan ta taso. 'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba, ko a gida "ke" nake ce mata. Ta gama makarantar aikin jinya, akwai kuma wani yaro ɗan unguwar Bagama mai haɗa tagogin alminiyom da ya daɗe yana zuwa zance. Yaro mai hankali, bai taɓa wuce zaure ba. Ita kuma da an ce ya zo, tukunya ko ta ƙone ba ruwanta. Matsalar ɗaya ce: mahaifinsa ya rasu, baffansa ne mai magana, wani Alhaji da ko dariya zai yi sai ya duba ko ta halatta. Labari ya iso mana ta bakin mata cewa bai so ba. Wai an gaya masa gidanmu gidan kiɗa ne, yarinyar da ta tashi cikin kiɗa kuwa ba ta gidansu ba ce. Da ƙyar uwar yaron ta shawo kansa ya yarda zai zo ya gani da idonsa. In ya ce a'a magana ta ƙare, don yaron ba mai tsallake maganar baffansa ba ne. Makon nan yarinyar ko abinci ba ta ci sosai.

Kun dai san uba ba ya zama a maganar auren 'yarsa, balle 'yar fari. Sai aka aika Zuma aka kira yayan maigida, wanda dukkanmu muke ce wa Yaya. Manomi ne, yana kuma sayar da doya a bakin titi. Rediyonsa na duniya ɗan ƙarami ne mai batir, an ɗaure bayansa da roba.

Ranar Lahadi ce bayan azahar, cikin zafin nan na gab da saukar damina. Na leƙa falo na tarar da maigida a durƙushe gaban Oga da sabon faifai na wa'azi.

Na ce, "Maigida, da ka bar abin nan a kashe yau."

Ya ce, "Ke ba ki san siyasa ba. An ce gidan kiɗa ne, to su shigo su tarar da wa'azi."

"Sauran da ke ciki fa? Na jiya?"

"Na saita shi."

Ban san me ya saita ba, wataƙila hularsa. Yana jin tsayuwar mota ya danna, malam mai wa'azi ya fara da basmala, shi kuma ya sulale ta ƙofar baya zuwa bencin tela a ƙarshen layi, da rimot a aljihu.

Alhaji ya shigo da mutum biyu. Ni da Malama muna tsaye a bayan labulen da ya raba falo da tsakar gida, yarinyar tana ɗaki. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da gona. Yaya ya yi gyaran murya zai buɗe magana, sai na ji Alhaji ya ce, "A bari malam ya gama tukuna." To wa zai ce a kashe wa'azi? Ko da an ce, wa ya iya? Haka manyan mutane huɗu suka zauna cikin manyan riguna suna sauraro. Zoɓon da Malama ta sa wa ƙanƙara ya koma kamar ruwan wanka. Malam ya yi maganar gulma, ya yi ta cin riba, ya gangaro kan haƙƙin maƙwabci, har da masu hana mutane sakat da ƙara. Malama ta dube ni, na dubi ƙasa. Alhaji kuwa sai "madalla" yake, muryarsa ta yi laushi, har na fara tunanin ko dai maigida ya san siyasar da gaske.

Malam ya rufe da addu'a. Na ji an shafa, an ce amin. Sai shiru.

Sai ƙwas.

Na kama hannun Malama tun kafin gurrr ɗin ya ƙare.

Ganguna suka fara, jita ta biyo baya, wani ƙato ya kwarma ihu da yarensu kamar an taka masa ƙafa. A daidai wurin nan maigida yake ajiye takalmi ya juya ƙugu. Na leƙa ta gefen labule. Yaya ya miƙe ya nufi Oga, ya kama babban abin murɗawa na tsakiya ya murɗa, ƙara ta ninku har kofunan zoɓo suna rawa a kan tire. Ya danna wani, aljihun kaset ya buɗe baki. Ya danna wani, ɗayan ma ya buɗe. Da abin ya ishe shi sai ya ɗauki mayafin da na saƙa ya lulluɓe shi ruf, kamar yadda ake rufe kaza ta yi shiru. Oga ya ci gaba daga ƙarƙashin mayafi.

Daga baya tela ya ba wa Malama labari, wai maigida yana jin kiɗan ya zabura daga benci, ya zaro rimot, ya miƙa hannu saitin gidanmu yana ta dannawa, da gidaje wajen bakwai a tsakani.

Ni ba ni da hanyar shiga. Uwar 'yar fari ta faɗa falo gaban masu neman aure, ai gara kiɗan. Malama ta ce, "Mama, bari na shiga na zare waya." Na ce ba za ta kai ba, soket ɗin yana bayan kabad, maigida ya danne shi da gangan saboda yara. Sai idona ya faɗa kan katangar ƙofar Malama, inda mita take, da katawut a gefenta, wannan abin da masu wuta suke zarewa in sun zo yanke wuta. Na jawo turmi na kife. Na tuna firjinta cike yake da kifi, wutarmu kuwa ɗaya ce, sai na tsaya ina kallonta.

Ta ce, "Hau, Mama. Kifin nan ya riga ya mutu."

Ta riƙe mini turmi, na hau da wannan gwiwar tawa da ko tabarma sai na yi shawara da ita, na naɗe hannu da gefen zane na fizgo.

Ƙaton nan ya mutu a tsakiyar ihu. Fanka ta yi 'yan juyinta ta tsaya. A Suleja ba a tambayar dalilin ɗauke wuta, don haka ba wanda ya tambaya.

Na koma bayan labule da katawut a hannu. Yarinyar ta fito bakin ƙofar ɗaki, ta cusa gefen mayafi a baki. Sai na ji ƙarar makullan mota, da motsin shadda irin na mai tattara riga zai tashi.

Alhaji ya ce wa Yaya, "To, Malam. Abin da aka gaya mana ke nan."

Yaya yana haki har lokacin. Ya ce, "Alhaji, zauna mana. Wannan abin na ƙanena ne. Shi ya sayo shi, shi ya yi masa tarbiyya, ga sakamako kun gani. Ni ba shi aka kira ni in bayar ba. In kuma shi kuke so, ku ɗauka yau, ba sadaki."

Ɗaya daga cikin 'yan rakiya ya yi wani tari da ba na mura ba.

Yaya ya ci gaba, "Yarinya kuwa ni na san ta. Matata ta kwanta damina guda a Zuma, ba ta iya ko juyawa. Yarinyar nan ta bar gari ta je ta zauna da ita, ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce ba ta abinci a baki. Ban ji ta yi mana waƙa ko sau ɗaya ba."

Alhaji ya ce, "Uban fa?"

"Uban ni ma haƙuri nake da shi tun yana rarrafe. Ai ba shi za a kai muku ba."

Zafi ya cika falon, ina jin wani yana fifita da hula. Makullan nan suka sake motsi, na kasa kunne sosai, sai na ji an ajiye su a kan tebur.

Alhaji ya ce, "Ba za ta zo mana da irin wannan a kayan ɗaki ba."

Yaya ya ce, "Ko kun roƙa ba za mu ba ku ba. Ubanta zai biyo shi, ku rasa inda za ku ajiye su."

Ban ji Alhaji ya yi dariya ba, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Amma ya ce wa na kusa da shi, "Miƙo goron." Na ji an kwance ƙunshi, na ji Alhaji ya faɗi abin da ya kawo su da sunan yaron da na mahaifinsa, na ji Yaya ya ce, "Mun ba ku, Allah ya sa alheri." Aka yi Fatiha.

Na juya. Yarinyar tana nan inda take, ba ta ji ba, don kunnenta na ubanta ne. Idonta a kaina, tana jira. Ni kuma ba a bakina za ta ji wannan ba, ko uwata ba ta yi mini haka ba.

Na ce, "Ke, shinkafar mutane tana hucewa. A zuba musu a kwanukan nan masu murfi, na cikin kabad ɗina."

Ta san waɗannan kwanukan, ba a fito da su don wanda zai tafi da fushi. Ta nufi kicin, ba ta kai ba ta zauna daɓas a kan turmin da na sauka, ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Malama ta durƙusa ta rungume ta tana ce mata amarya a kunne.

Na ce, "Malama, ɗaga ta daga kan turmin nan, budurwa ba ta zama a kai." Na shige kicin na fara zuba shinkafar da kaina.