Jan Fenti a Bangon Gidanmu

Ranar wata Talata, mako biyu bayan ƙaramar Salla, shekarar da na shiga aji uku, ina zaune a ƙofar gida muna carafke da ƙawata Zainabu sai ga maza biyu da gwangwanin fenti. Ko sallama ba su yi ba. Ɗaya ya duba wata doguwar takarda, ɗaya ya zana lamba ja a bangonmu, suka wuce gida na gaba. Duwatsun carafken suka zube daga hannuna.

Unguwarmu tana bayan unguwar Al-Sih a birnin Manzon Allah, gidajen laka da baƙin dutse waɗanda iyayenmu Takari suka gina da hannunsu. Lokacin an gama yaƙin nan da ya sa man fetur ya yi tsada, kuɗi suka shigo ƙasar, rediyo kullum sai zancen shirin gwamnati na shekara biyar: tituna, asibitoci, makarantu. Mu yara abin da ya dame mu shi ne layin famfo da asuba, da bai wa tantabaru dawa a saman ɗaki, da tsintar dabinon da ya faɗo a bakin lambun wani Balarabe mai mugun kare. Amma mun san gidan da aka shafa wa jan nan, katafila ce baƙuwarsa.

Kakata Hajja Ladi, wadda ta zo daga Kano da ƙafa tana budurwa, ta fito ta daɗe tana kallon bangon. Ita duk abin da ya fito daga hukuma tsoronsa take, ko da takardar allurar rigakafi ce. Ta ce, "Abin da ido bai gani ba, hannu ba ya taɓawa. Kwaɓo min ƙasa, 'yar nan." Babanmu yana can garin Yanbu wurin aikin gini, babu mai hana mu. Na kwaɓa ƙasa da ruwa, muka yaɓe lambar tsaf, har ina jin ni ce gwanar da ta ceci gida.

Wata uku ban yi barcin kirki ba. In mota ta tsaya a bakin lungu sai na ce an zo kama ni. Masu raba takardar tashi suka riƙa bin lambobin bango, maƙwabta suka karɓa, suka kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya zuwa unguwar Harra ta Yamma, har su Zainabu. Mu ba a ƙwanƙwasa mana ƙofa ba, Hajja kuwa sai hamdala take.

Ran da katafilar ta iso, tuwo yana kan wuta. Ƙasa ta riƙa rawa, tantabaru suka watse. Injiniyan da ya zo da ita ya yi mamakin ganin mutane a cikin gidanmu, ya buɗe taswira ya ce a hankali, "Ya Hajja, hanyar tana kan takarda, ba kan bango ba." Ya ba mu zuwa la'asar. Muka fitar da abin da hannu ya iya ɗauka, ina kuka ina jan tabarma. Hajja ta zauna a kan akwatinta a tsakar rana, kuma ba ta taɓa cewa laifina ne ba.

Yau titi ne mai faɗi, motocin alhazai na bi ta kansa zuwa Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami. Jikokina suna da asibiti da makaranta a kusa, ba zan raina ba. Amma duk sanda muka bi ta nan nakan leƙa ta taga in nemi inda ɗakin Hajja yake. Har yau ban gane wurin ba.