Gargaɗin Da Na Haɗiye

Abubuwa da yawa na samartaka sun gushe mini, amma Asabar ɗin da na yi tafinta a wani falo a Tarauni, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Lokacin ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, sabon malamin firamare, ina neman auren 'yar wani Alhaji. Babban mahauci ne, Allah ya buɗa masa har ya sayi talabijin, irin mai ƙofa kamar kabad, hoto baƙi da fari. Damuwarsa ɗaya, fina-finan da Turanci ake yin su. Sai ya aika a kira masa "malamin nan mai zuwa zance." Na goge takalmi na hau keke, ina jin kaina kamar wani gwamna.

Bayan Magariba falo ya cika. Alhaji na kan kujera, maƙwabta a ƙasa, mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna tana kan tabarma da carbinta. Wadda nake nema kuwa tana bayan labule, ina hango yatsun ƙafarta.

Kafin a fara, wata mata ta fito a talabijin, fuskarta ba wasa. Na ji ta sarai: fim ɗin na ban tsoro ne, akwai jini, akwai ɓeraye, akwai kabari da gawa, yara da masu raunin zuciya su tashi.

"Malam, me take cewa?" in ji Alhaji.

Na yi lissafi a raina. In na faɗa, kashewa zai yi a watse, ba wanda ya ga Turancina. Sai na ce, "Baba, gaisuwa ce. Ta ce a sha kallo lafiya."

"Duk wannan doguwar maganar?"

"Ai haka Turanci yake, Baba, tsawo gare shi."

Da farko abin ya yi mini daɗi. Da wani ƙato ya zaro wuƙa jini ya fantsama, maƙwabta suka rufe ido, Alhaji kuwa ya matso yana girgiza kai. "Wannan bai iya riƙe wuƙa ba," ya ce. "Ko akuya ba zan ba shi ya yanka mini ba." Aka kwashe da dariya, ni ma har da ƙarin gishiri a fassara.

Sai a fim ɗin aka buɗe ƙofar wani ɗaki, ɓeraye suka kwararo kamar ruwa. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai, sai ga ƙafafunsa biyu a kan kujera, hula a ƙasa. "Malam! Ce musu su rufe ƙofar nan!" Wani maƙwabci ya cusa fuska cikin hannun riga yana ta tarin ƙarya.

Daga nan dariya ta ƙare. Aka nuno sabon kabari, ƙasa ta fara motsi, hannu ya fito. Na ji carbin Inna ya daina ƙara. Autanta direba ne, hatsarin mota ya ɗauke shi shekarar da ta wuce, kuma na sani.

A hankali ta ce, "Ashe motsi suke yi a ciki? Shi kaɗai fa muka baro."

Alhaji ya sauko ya kashe talabijin. Na durƙusa ina rantse mata wasa ne, mai hannun nan yana gidansu yana cin abinci. Ba ta ko dube ni ba, hawaye kawai take sharewa da bakin mayafi.

A zaure yarinyar ta tare ni. "Ni ma fa na yi makaranta," ta ce. "Na ji abin da matar ta faɗa. Ko ka gaya wa Baba, ko ni in gaya masa."

Washegari na je da ƙafafuna na faɗi gaskiya, ina jiran a ce kada in sake taka ƙofar gidan. Alhaji ya dube ni ya yi tambaya ɗaya.

"Har ɓerayen matar ta faɗa?"

"Ta faɗa, Baba."

"To. Shiga ka ba Inna haƙuri, in ta yafe na yafe. Maganar ɓeraye kuwa, ranar da na ji ta a bakin mahauta, babu aure."

Sati biyu Inna ba ta amsa gaisuwata ba, kafin wata rana ta miƙo mini goro ta ce, "Ungo, maƙaryacin Bature." Aka yi aure. Sirrin ɓeraye na riƙe shi har Alhaji ya koma ga Allah, Allah ya jiƙansa, shi ya sa yau bakina ya buɗe.

Abin da na koya a falon nan shi ne, in aka ba ka gargaɗi ka isar, ba naka ba ne da za ka haɗiye. Ba ka san abin da ke tsorata wani ba, balle inda ciwonsa yake. Faɗa masa abin da ke tafe, shi ya zaɓa ko ya zauna ko ya tashi.