Baba Sammani, mawaƙin soja da ya ƙi yi mana waƙa

Idan aka idar da sallar asuba a ƙauyenmu na yankin Ruma, Baba Sammani ba ya wucewa gonarsa kai tsaye. Sai ya biya ƙofar Iya Hansai ya gaishe ta, in damina ce ya taɓa mata noma, sannan ya nufi tasa. Tun muna yara haka muka gan shi, kuma ba mu taɓa tambayar dalili ba.

Yana saurayi aka ɗauke shi soja lokacin yaƙin basasa, tare da Daudu, wan Iya Hansai. Sammani yana da murya da kukuma, don haka shi ke yi wa rundunarsu waƙa kafin a fita fagen daga. Yakan kama sunan mutum da na ubansa da na garinsu, har mai jin tsoro ya miƙe. Shi ya dawo. Daudu bai dawo ba.

Mu dai ɗanɗanon waƙoƙin muka sani. A biki mukan ce, "Baba, a yi mana ta soja," mu yi ta dariya da fareti.

Bara waccan 'yan bindiga suka kashe mana mutane a gona, har da ƙanen wani saurayi, Surajo. Bayan jana'iza samari suka taru da adduna da bindigogin toka, za su afka wa rugar Fulani da ke bakin daji. Surajo ya ɗauko kukumar da kansa, ya miƙa wa Baba Sammani.

"Baba, ka yi mana irin wadda ka yi wa soja."

"Ɗana, wa ya ga mutanen rugar nan a gonar?"

Baba ya dubi samarin, ya ci gaba:

"Na kira sunan Daudu a waƙa, ya tashi ya shiga ruwan harsashi. Waɗanda muka tarar a can ma yara ne kamarku, da yunwa a idonsu. Ba zan ƙara tura ɗan wani ba."

Wani ya ce masa matsoraci. Wani ya ce infoma ne mai kai wa 'yan bindiga rahoto, kalmar da ke sa a kashe mutum a yankinmu. Mu manya muna tsaye, ba wanda ya buɗe baki. Baba ya karɓi kukumarsa ya zauna a tsakiyar hanya. Ba wanda ya iya tsallake tsohon, har zuciya ta huce, taron ya watse.

Daga baya aka ji cewa a ranar 'yan bindigar sun kore shanun rugar, sun harbe Haliru, ɗan mutanen rugar. Su ma makoki suke yi.

Wata da watanni wasu ba sa amsa sallamarsa a masallaci. Da gaskiya ta fito, sai muka koma gaishe shi kamar ba a yi komai ba. Har yau ba a je an ba shi haƙuri ba.

Baba, kai ne ka san abin da waƙa ke iya yi, mu muka ɗauke ta abin rawa. Ka hana 'ya'yanmu ɗaukar alhakin jini, muka bari aka zage ka. Mun gode, kuma ka yafe mana. Allah Ya saka maka, Ya jiƙan Daudu.

Duk mai tsohon soja a garinsu, ya je ya zauna kusa da shi tun yana da rai. Kada ya roƙi waƙa. Ya tambaye shi sunayen waɗanda ba su dawo ba.